Zaɓen taya ga ƙaramin jirgi mai rimot a fili mai gargada

Tayoyin da ke zuwa a cikin kwali tare da ƙaramin jirgin sama mai rimot, don kwalta aka zaɓe su, ko ciyawar da inji ya aske ta kwanta. Kamfani so yake jirgi ya yi rashin nauyi, ya yi kyau a hoto, kwalinsa kuma kada ya yi girma. Shi ya sa jirgin koyo mai faɗin fukafukai mita ɗaya da rabi yakan zo da taya mai inci 2.5 ko 2.75. A kan kwalta wannan ya wadatar. Da zarar an kai shi fili mai tsakuwa da tushen ciyawa da busasshen sawun dabbobi, ɗayan biyu ne: ko ya yi ta kuka yana jan jiki bai kai gudun tashi ba, ko ya yi tuntuɓe ya kafa hanci a ƙasa, jela a sama, farfela ta karye.

Mai jirgi yakan tambaya wace taya ce ta dace da jirginsa, alhali fili ya kamata a fara dubawa. Nauyin jirgi ƙwarin taya yake nunawa, girmanta kuwa ƙasar da za ta taka ce ke yanke shi. Don haka aikin farko na rula ne. A taka layin da jirgi zai bi daga farko har ƙarshe, ana auna tsayin abin da ya fi yawa a kan hanya, ba wanda ya fi girma ba. Babban dutse guda ɗaya ɗauke shi ake yi a jefar. Abin da ba ya ɗaukuwa shi ne tarin tsakuwa masu milimita 8 zuwa 10, da bakin ramukan da kofato ya bari sa'ad da ƙasa ke da danshi, da tushen ciyawa da ya taurare. Wannan adadin za a riƙe a ka.

Duk wanda ya taɓa tura baro ya san babbar taya hawa kan dutse take yi, ƙarama kuwa tokare shi take yi. Idan taya ta gamu da tudu, ba ƙasanta ne ke taɓa shi ba, gabanta ne, kuma iya yadda wurin haɗuwar ya matso kusa da tsayin sandar da take juyawa a kai, iya yadda turin ke komawa birki maimakon hawa. A ɗauki dutse mai milimita 10. Taya mai inci 2, wato kimanin milimita 50 daga ƙasanta zuwa samanta, sai an tura ta da ƙarfin da ya kai nauyin da ke kanta har da ƙarin sulusi kafin ta haye shi daga tsaye. Mai inci 3 na buƙatar kusan kashi 92 cikin 100 na nauyin, mai inci 4 kashi 75, mai inci 5 kashi 64. In tsayin tudun ya kai rabin tsayin taya, babu turin da zai haurar da ita.

Waɗannan alƙaluma na nuna cewa ribar a farko take da yawa. Daga inci 2 zuwa 3 an sauke kaso mai tsoka, daga 4 zuwa 5 kuwa ɗan abin da aka samu kaɗan ne, ga nauyi ana ta ƙarawa. Suna kuma bayyana abin da ya sa jirgi ke cijewa wuri ɗaya totur a ƙure: jiragen koyo da yawa farfelarsu ba ta jan abin da ya kai nauyinsu, balle ya wuce shi. In kuma taya ɗaya ce kawai ta tokare, jirgin ba tsayawa zai yi ba, karkata zai yi wajen wadda ta maƙale, sai a ɗauka iska ce ko sitiyari ya kwance. Gudu yana rage matsalar, domin fiffike ya fara ɗaukar wani ɓangare na nauyi, jirgin kuma ya samu zafin da zai wuce ƙananan tuddai. Shi ya sa yawancin ɓarna a mitocin farko na tashi take faruwa, da mitocin ƙarshe na sauka.

Ma'aunin da ke aiki shi ne tsayin taya ya ninka tsayin abu mai tauri da ya fi yawa a fili sau 8 zuwa 10. Tsakuwa mai milimita 10 na neman taya mai milimita 80 zuwa 100, wato inci 3.25 zuwa 4. Ciyawa lissafinta daban ne tunda tana kwanciya: abin da ake so shi ne sandar taya ta kasance a saman cunkoson ciyawar, ba a cikinsa ba, in ba haka ba ganye zai yi ta nannaɗewa tsakanin taya da ƙafar jirgin da ke riƙe da ita har ya ɗaure ta. A aikace, jirgin da bai kai kilo ɗaya ba yakan wadatu da inci 2.5 zuwa 3, na kilo 2 zuwa 3 inci 3.25 zuwa 4, na kilo 4 zuwa 7 kuwa inci 4.5 zuwa 6. Ana sayar da su da inci ko da milimita, inci ɗaya milimita 25.4 ne.

Masu son jirgi ya yi kama da na gaske sukan ce irin wannan taya ta yi muni. Sai dai manyan jiragen da ke sauka a daji haka suke. Piper Super Cub da matuƙa ke saukewa a kan tsakuwar bakin kogi a Alaska, faɗin fukafukansa kimanin mita 10.7 ne, ana kuma sa masa tayoyin Alaskan Bushwheels masu inci 26, 29, 31 har 35, da iska kaɗan a ciki. In aka rage mai inci 31 zuwa ma'aunin jirgi mai mita ɗaya da rabi, kusan inci 4 da sulusi za ta ba da. Kuma jirgi ne aka rage, ba a rage fili ba. Tsakuwa mai milimita 10 a wajen ƙaramin daidai take da dutse mai milimita 70 a wajen babban.

Kaurin taya ba kamar tsayinta ba ne, a nan ba kullum ƙari ke da amfani ba. A kan yashi da ƙasa mai laushi taya mai faɗi ake so, don ta baza nauyi kada ta nutse. A cikin doguwar ciyawa kuwa mai faɗi ganye da yawa take turewa, siririya mai tsayi ta fi ratsawa da sauƙi. A kan tsakuwa da busasshiyar ƙasa mai tsagewa matsakaiciya ce ta fi, mai zagayayyen baya, wadda ba za ta faɗa cikin tsaga ba. Zanen da ke bayan taya ado ne kawai, tunda ba ita ke jan jirgi ba, yawancinsu kuma ba su da birki. Mai zurfin zane ma laka take kwasa.

Sai abin da aka yi tayar da shi. Ta soso ita ce mafi rashin nauyi: mai inci 3 ba ta cika wuce giram 10 zuwa 25 ba, shi ya sa ake iya ƙara girma ba tare da an ji a jiki ba. Ba ta faci, tana kuma shanye ƙananan duka. Aibinta shi ne tsakuwa mai kaifi na gutsurar ta, mai buɗaɗɗen ƙofofi tana shan ruwa da man da injin ke fesowa, in kuma aka bar jirgi a tsaye a kanta makonni sai gefen da ke ƙasa ya lotse, ta dinga dukan ƙasa a kowane juyi. Maganin wannan a ajiye jirgi a kan abin da zai ɗage tayoyin daga ƙasa. Tayar Lite Flite ta kamfanin Dave Brown ta irin wannan soso ce. Akwai kuma soso mai fata a bayansa, kamar SkyLite na Sullivan, wanda ya fi jure gutsura da jiƙa, ga jirgi mai kilo 2 zuwa 5 a fili mai tsakuwa da ƙaya da wuya a samu abin da ya fi shi.

Ta roba mai rami a ciki ta fi ƙarko, ta kuma fi nauyi sau biyu ko uku a girma ɗaya. Irin su Low Bounce na Du-Bro an yi su da roba marar tsalle, kuma wannan siffa ta fi muhimmanci fiye da yadda ake zato. Roba mai tauri da ke zuwa da jirage masu araha kuwa ba ta shanye komai, duk dukan da ƙasa ta yi mata ƙafa take miƙa wa.

Ta iska, wadda ake hurawa, ita ce ta fi iya haɗiye tsakuwa: maimakon ta hau kan dutse sai ta lotsa ta rufe shi ta wuce, wanda ke nufin lissafin da aka yi a baya ya sassauta a kanta. Du-Bro na yin su daga inci 4 zuwa 6, Kavan ma na yi, Trexler kuwa na siririyar roba ne, na jirage marasa nauyi. Sai dai iska sifirin ce da ba ta da abin kashe tsalle, abin da ta karɓa shi take mayarwa. In an cika ta tam, jirgi na taɓa ƙasa zai koma sama ba shi da gudun da zai riƙe shi. Iska kaɗan ake sa mata, yadda in jirgin na tsaye za a ga ƙasanta ta ɗan baje, in aka danna da babban yatsa ta shiga ba gardama. A filin da ke da ƙaya kuwa ba ta da wani amfani, sai faci. Rana da daɗewa ma na tsattsaga ta.

Dalilin damuwa da lotsawa a lissafi yake. Jirgi mai kilo 2.5 da ya taɓa ƙasa yana gangarowa mita ɗaya da rabi a daƙiƙa, in taya da ƙafa suka tsayar da shi cikin milimita 10, ƙarfin da zai bugi gindin ƙafa ya haura nauyin jirgin sau 11. In suka ba shi milimita 40 kafin ya tsaya, bai kai sau 3 ba. Ƙarfin saukar ɗaya ne, tazarar da aka kashe shi a ciki ce ta bambanta. Don haka taya mai tauri a kan ƙafa mai tauri ita ke fizge katakon cikin jirgi, taya mai tsalle a kan ƙafa mai tsalle kuwa ita ke sa jirgi ya sauka sau uku a sauka ɗaya. Ɗaya ya yi sifirin, ɗaya ya kashe: ƙafar waya mai lanƙwasa ta fi dacewa da soso ko roba marar tsalle, ƙafar alminiyam mai kauri kuma ta fi karɓar taya mai laushi.

Babbar taya ba kyauta take zuwa ba, kuma a nan ne mutane ke gyara abu ɗaya su ɓata biyu. Nauyi da jan iska su ne aka fi ambata, su ne kuma mafi sauƙi. Jirgi mai kilo 2 da aka ƙara wa giram 80 a tayoyin da ke milimita 100 gaba da cibiyar nauyinsa, wato wurin da nauyin gabansa da na bayansa suke daidaita, cibiyar za ta matsa gaba da kusan milimita 4. Ba abin tashin hankali ba ne, amma a sake ɗora shi a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike a gani, a matsa batir baya in ya cancanta. Ta fuskar iska, taya mai inci 4 da kaurin milimita 35 tana tare iska kusan sau uku fiye da mai inci 2.5 da kaurin milimita 20. Jirgi mai tafiyar hankali da kyar zai nuna, sai ɗan sunkuyar da hanci da ake gyarawa a rimot. Mai gudu zai ji sosai, tunda jan iska na ninkuwa huɗu duk sa'ad da gudu ya ninka biyu.

Abin da ya fi waɗannan tasiri shi ne tsayuwar jirgi a ƙasa. Duk inci ɗaya da aka ƙara wa taya yana ɗaga sandarta da rabin inci. Ga jirgi mai manyan tayoyi biyu a gaba da ƙarama a jela, wannan na nufin hanci ya ƙara kallon sama. Ƙarin milimita 25 a gaba, in tsakanin tayoyin gaba da ta jela milimita 800 ne, ya kusa digiri 2. Fiffike kan daina ɗauka a wajen digiri 12 zuwa 15, don haka jirgin da ke tsaye dab da wannan zai iya barin ƙasa tun gudunsa bai nuna ba, ya karkata hagu saboda murɗar farfela, ya dawo da bakin fiffike. Gyaran shi ne a ƙara girman tayar jela ko tsawon ƙafarta. Dama tayar jela mai inci uku bisa huɗu da ake sakowa ba ta da wani aiki a gargada sai maƙalewa, inci 1 zuwa 1.25 ya fi. A haɗa ta da sitiyarin jela ta hanyar sifirin, ba sanda kai-tsaye ba, in ba haka ba kowane dutse haƙoran sarbo, wato ɗan injin da ke juya sitiyarin, yake duka.

Sai batun kifewa, wanda galibi ake ɗora wa taya alhali mazaunin sandarta ne. Birkin da ƙasa ke yi a can ƙasa yake, nauyin jirgi a sama yake, farfela ma a sama take ja. Duk lokacin da taya ta cije, jirgin neman wucewa yake yi ta kanta. Abin da ke hana shi shi ne nisan da tayar ke gaba da cibiyar nauyi. Ana auna shi haka: a ɗaga jela jirgin ya daidaita kamar yana tafiya a sama, a ja layi daga cibiyar nauyi zuwa inda taya ke taɓa ƙasa, a duba digiri nawa ya karkata gaba daga tsaye. A kan kwalta digiri 15 ya isa. Amma da digiri 15, birkin da ya wuce kashi 27 cikin 100 na nauyin jirgi ya isa ya ɗaga jela, ciyawa mai kauri kuwa tana iya ba da hakan. Da digiri 20 sai birkin ya kai kashi 36, da 25 sai ya kai 47. Fili mai gargada na neman 20 zuwa 25. Wanda ba ya son lissafi ya duba daga sama: sandar taya ta zo daidai bakin fiffike na gaba, ko ta ɗan leƙo.

Ga inda abin ke ruɗarwa. Babbar taya ɗaga jirgi take yi, ɗaga jirgi kuma rage wannan kusurwa yake yi. Tayar da ke milimita 60 gaba da cibiyar nauyi mai tsayin milimita 200 daga ƙasa na ba da kusan digiri 17. A ƙara inci 2 a taya, cibiyar ta koma 225, kusurwar ta sauko ƙasa da 15. Ke nan mutum zai iya sayen babbar taya ya ga kifewar ba ta ragu yadda ya zata ba. Dole sandar ta matsa gaba tare da ita. In ƙafar alminiyam ce, a cusa siririn katako mai gangare ko washa a ƙarƙashin bakinta na baya inda take manne da cikin jirgi, ƙafafun za su karkata gaba. Digiri 5 a ƙafa mai milimita 150 na ba da kusan milimita 13. In waya ce, a cire ta a lanƙwasa a matsi. Kada a lanƙwasa ta a jikin jirgi, katakon ne zai fara ba da kai. Kada kuma a sa mata wuta, zafi na kashe taurin da ke sa ta dawowa.

Wuce gona da iri ma na da nasa sakamako. Taya ta cika yin gaba, jela za ta yi nauyi ta ƙi tashi, jirgin ya riƙa yin katantanwa a ƙasa da an ɗan karkace, a sauka kuma duk taɓa ƙasa sai hanci ya ɗaga, fiffike ya sake ɗauka, ya koma sama. A riƙa matsawa milimita 5 zuwa 10 ana gwadawa.

Jirgi mai taya a hanci ba ya kifewa da sauƙi, amma a gargada tayar hancin ce ke shan wahala. A tsaye kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyi kawai take ɗauka, da an ba da totur kuwa jan farfela da birkin ƙasa duk a kanta suke sauka, ita ce kuma ke fara gamuwa da kowane rami. Kada ta zama ƙarama: girmanta ɗaya da na baya, ko ta gaza su da kwata na inci. In aka ƙara na baya kaɗai, hanci zai sunkuya, jirgin ya manne da ƙasa yana gudu har sai an ja da ƙarfi ya yi tsalle. In aka ƙara ta hanci fiye da kima, ita za ta fara taɓa ƙasa a sauka ta cilla shi sama. Ƙasan fiffike ya zauna a daidaice, ko gabansa ya ɗaga digiri 1 zuwa 2. Murɗin sifirin da ke ƙafar hanci a sa shi yadda ƙafar za ta lanƙwashe baya ta dawo, juyin sitiyarinta ya zama kaɗan, sarbon kuma mai haƙoran ƙarfe. Duk da haka, in fili ya yi muni sosai, mai taya a jela ya fi dacewa, masu jiragen koyo da yawa kan mayar da nasu haka.

Ƙara tsawon ƙafa don a nisanta farfela daga ƙasa abu ne mai kyau. Ana son milimita 40 zuwa 50 tsakanin bakin farfela da ƙasa, jirgi a daidaice, ana danna shi da hannu yadda ƙafafu za su buɗe kamar a sauka. Farfelar da ke kusa da ƙasa ba dutse kaɗai take duka ba, ƙura take tayarwa, kafireton inji ya zuƙa, maganaɗisun mota kuma, wato injin lantarki mai juya farfela, ya tattara ɓurɓushin ƙarfen da ke cikin ƙasa. Sai dai doguwar ƙafa laushi take yi fiye da zato: ƙarin kashi 20 cikin 100 a tsawon waya na sa lanƙwasarta ta ƙaru da kashi 73. Kauri ne ke ramawa, wayar milimita 4 ta fi ta 3.2 tauri kusan sau biyu da rabi. Jirgi mai kilo 2 zuwa 3 milimita 4 yake so, wanda ya fi haka 4.8. Gindin ƙafa ya zama filawud mai milimita 6, da katako mai kusurwa uku a gefe, a manne da gam ɗin ifoksi mai bushewa a hankali. Ƙafar alminiyam a ɗaure ta da notin nailan, wanda zai tsinke a mummunar sauka ya bar cikin jirgi lafiya. Ta kabon ba ta da nauyi, amma ba ta lanƙwasa ta yi gargaɗi, tsagewa take yi.

Ɗaurin taya ƙaramin aiki ne da ke jawo babbar asara. A gudun mita 10 a daƙiƙa, taya mai inci 2 na juyi kusan sau 3,800 a minti, mai inci 4 rabin haka. Tsakiyar roba a kan sandar ƙarfe, ga yashi a tsakani, ba ta daɗewa ramin ke buɗewa, tayar ta fara rawa. A huda tsakiyar a cusa guntun bututun tagulla da ya yi daidai da sandar, na inci 3/16 a waje yana zama a kan waya mai inci 5/32. Boris ba dole ba ne, marar rufi ma ƙura ke cika shi. Ta ciki a sa washa ko zobe don kada taya ta hau kan lanƙwasar ƙafa ta cije. Ta waje a sa zoben ƙarfe mai ƙaramin noti, amma a fara goge wurin da notin zai zauna da magagari ya yi fili, domin a kan zagayayyar waya zamewa yake yi. A ɗiga masa shuɗin gam ɗin noti irin Loctite 243, a kula kada ya taɓa robar taya, yana ci wa wasu robobin jiki. A bar rata kamar rabin milimita. Giris da mai yashi suke tarawa su zama abin goge ƙarfe, garin girafait ko busasshen feshi ya fi.

A duba tayoyin daga sama jirgi na ɗauke da nauyinsa. Ƙafafu in sun buɗe sukan sa gaban tayoyi ya kalli waje, wannan kuwa na sa jirgi ya yi ta fizga hagu da dama. Yawancin masu wannan harka kan karkatar da gabansu ciki digiri 1 zuwa 2, wasu na ganin a bar su a miƙe ya fi. Abin da babu saɓani a kai shi ne biyun su zama iri ɗaya, su kuma juya da sauƙi iri ɗaya. Tazara mai faɗi tsakaninsu na rage taɓa ƙasa da bakin fiffike.

Rufin taya a cire shi kawai, ciyawa da tsakuwa yake tarawa har tayar ta daina juyi. Ƙafafu masu naɗewa cikin fiffike kuwa girman raminsu ya riga ya ƙayyade tayar, lanƙwasa kaɗan ta isa ta hana su shiga, irin wannan jirgi ba na gargada ba ne.

Kafin a tashi, a kashe mota a tura jirgin da hannu a kan filin da gudu a sake shi. In ya tafi a miƙe ya tsaya a hankali, to madalla. In jela na ɗagawa duk sa'ad da ya ci karo da wani abu, sandar taya na son matsawa gaba. In yana karkata gefe ɗaya kullum, taya ɗaya na cijewa ko ba ta kallon inda 'yar'uwarta ke kallo. A tashi, mai taya a jela ana fara shi ne da elebeta a ja, wato marfin jela mai ɗaga hanci, don iskar farfela ta danne jelar, a ƙara totur a hankali, a riƙa sakin elebetar yayin da gudu ke ƙaruwa har ta dawo tsakiya kafin ya bar ƙasa. A sauka a kawo shi a hankali tayoyi uku su taɓa tare, a riƙe elebeta a ja har ya tsaya cak. In kuma awon filin ya nuna ana buƙatar tayar da ta fi ƙarfin jirgin, kamar inci 5 ga jirgi mai kilo ɗaya, gara a cire ƙafafun gaba ɗaya, a manna tef mai kauri ko siririyar roba a cikinsa, a riƙa cilla shi da hannu ana saukar da shi a kan ciki, a kashe totur kafin ya taɓa ƙasa, a kuma kunna birkin mota don farfela ta daina juyi.